Ikabo, Aladu Uku, da Sunan da Ba a Raɗa Maka Ba

Babu wani gari mai suna Ikabo a Jihar Kano. Wanda ya tashi daga birni ya kama hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa Rimin Gado, ƙasar Kabo zai taka kafin ya isa Gwarzo, kuma ko zai tsaya a kowace tasha yana tambaya, ba zai sami mutum ɗaya da zai nuna masa hanyar Ikabo ba. Amma duk wanda ya saba duba jerin sunayen 'yan Majalisar Wakilai ta Tarayya a jaridun Turanci da shafukan intanet ya sha cin karo da wata mazaɓa da ake rubuta wa suna "Gwarzo/Ikabo", zaɓe bayan zaɓe. Zatona shi ne, wata rana wani mai buga takarda ya kalli 'yar sandar nan da ke raba sunayen biyu, ya ga kamar harafin "I", ya ƙara ta a jikin Kabo. Na bayansa ya kwafa, na bayan wannan ma ya kwafa. Yawancin mutanen Kabo ba su san an sake musu suna ba, waɗanda suka sani kuma sun mai da abin na dariya. Ɗan jaridar da ke zaune a Legas kuwa, wanda bai taɓa shan ruwan Kabo ba, idan ka ce masa kuskure ne, sai ya nuna maka wuri goma da aka rubuta haka, ya ce kai ma kawo taka shaidar.

Sinawa suna da karin magana da ya dace da wannan hali. Yana cikin gajerun maganganun nan nasu masu kalma huɗu-huɗu, waɗanda suke kira chengyu. Suna cewa ji fei cheng shi. Ji na nufin tarawa, fei abin da ba daidai ba, cheng zama ko rikiɗa, shi kuma daidai. Wato kuskure idan ya taru, wani ya hau kan wani, sai a wayi gari shi ne daidai. Ana danganta wannan lafazi da Dai Zhen, malamin zamanin daular Qing da ya rayu daga 1724 zuwa 1777, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana bin tsofaffin littattafai harafi bayan harafi, yana kukan cewa masu karatu sun saba da abin da suka ji daga magabatansu har sun daina tambaya. Ma'anar kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba, domin Yang Xiong, wanda ya rasu a shekara ta 18 Miladiyya, ya riga ya yi gargaɗin yadda sabo da abin da ba daidai ba yake rinjayar daidai.

Kalmar da ta fi ɗaukar hankalina a cikin huɗun ita ce ta farko, wato tarawa. Mu a Hausa muna da makamai da yawa na yaƙi da maƙaryaci. Mun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, mun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Duk waɗannan suna magana ne a kan mutumin da ya san gaskiya ya ɓoye ta, wanda za a iya kamawa a kunyata. Kuskure kuwa ba shi da uba. Wanda ya fara shi bai yi da niyya ba, waɗanda suka kwafa sun yi da zuciya ɗaya, kuma saɓanin ƙarya, shi yana fure yana 'ya'ya har da jikoki. Abin da ya fi kusa da maganar Sinawan a wajenmu shi ne sabo turken wawa, sai dai ni a ganina wannan turke ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Na ga ya ɗaure masu digiri uku.

Akwai wani labari da Sinawa suke bayarwa, wanda ya zo a cikin littafin Lushi Chunqiu da aka harhaɗa wajen shekara ta 239 kafin Miladiyya. An ce Zixia, ɗaya daga cikin almajiran Confucius, yana kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Jin sai ya bi ta ƙasar Wei, ya iske wani yana karanta tarihi da ƙarfi, yana cewa rundunar Jin da aladu uku sun haye kogi. Mai karatun bai ga komai a ciki ba, haka ya samu a rubuce. Zixia ya ce masa babu batun aladu a nan. Sunan rana ce aka rubuta, domin a lissafinsu kowace rana tana da suna a cikin zagayen kwana 60, kuma haruffan sunan wannan rana sun yi kama da haruffan "uku" da "alade", sai mai kwafa ya musanya su. Da ya isa Jin ya bincika, sai ya tarar haka ne. Abin da ya cece shi biyu ne: ya san aladu ba su da aiki a cikin rundunar yaƙi, kuma ya yi tattaki zuwa inda abin ya faru ya tambaya.

Kafin in ci gaba, ya kamata in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin ba kowane tsohon kuskure ne ya cancanci a tayar masa da hankali ba. Harshe kansa da irin wannan tubali aka gina shi. Kakanninmu sun ji Larabawa suna cewa al-khabar, al-imam, al-kitab, al-aib, ba su raba "al" ɗin da kalmar ba, suka haɗiye su tare, aka sami labari, da liman, da littafi, da laifi. Malamin nahawu na wancan zamani da ya ji su sai ya toshe kunne. Yau wa zai ce "laifi" laifi ne? Haka asibiti da likita da tasha suka shigo daga Turanci, kowace da karayarta, kuma suka warke suka zama 'yan gida. Malaman Larabci sun daɗe da wannan gardama. Hariri, wanda almajiran zaure suka fi sani da Muƙama, ya rubuta littafi sukutum, Durratul Gawwas, a kan kurakuran da masu ilimi suke yi a magana, amma kuma a cikin malaman harshen ne aka sami masu cewa kuskuren da ya shahara ya fi daidan da aka ƙaurace wa. Su ma Sinawan suna da wannan fuska ta biyu. Xunzi, a ƙarni na uku kafin Miladiyya, ya koyar da cewa suna ba ya zuwa da dacewarsa daga sama, yarjejeniyar mutane da al'adarsu ce take tabbatar da shi. A 1985 ma hukumar da ke daidaita lafazi a ƙasar ta amince da furucin wasu kalmomi yadda jama'a suka saba, ta ajiye na tsofaffin ƙamusoshi. Don haka idan Bature ya ji Sakkwato ya rubuta Sokoto, ya ji Haɗeja ya rubuta Hadejia, takaici ne, amma Basakkwace bai rasa gonarsa saboda haka ba.

Akwai kuma kurakuran da suke tsaka-tsaki, waɗanda aikin mu malamai ne mu riƙa tsintar su. Shekara nawa aka yi ana koya wa yara cewa kalmar boko daga "book" ta Turanci ta samo asali? Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna kalmar tana nan da ma'anar abin da ba na gaske ba, irin su amaryar boko, kuma Farfesa Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya fayyace cewa kalmar Hausa ce tsantsa. Duk da haka jaridun duniya suna nan suna maimaita tsohon zance. Haka nan shekarar 999 da ɗalibai suke haddacewa a matsayin farkon sarautar Bagauda. Kundin tarihin Kano na Larabci tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, H. R. Palmer ne, da ya buga fassararsa a 1908, ya yi lissafi da baya-da-baya ya fito da shekarun Miladiyya. Ƙiyasi ne mai amfani, amma ƙiyasi ne, kuma yawan bugawa ya sa masa rawanin tabbas.

Ma'aunin da nake auna waɗannan abubuwa da shi ɗaya ne: wa yake biyan kuɗin kuskuren? Idan babu mai biya, a bar wa masu ƙamus su yi ta gardamarsu. Idan kuwa akwai, to magana ta sake. Kuma a ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar sauran karkarar Arewa, akwai wani kuskure da ake tarawa kullum, wanda talaka yake biya da kuɗinsa da shekarun 'ya'yansa. Shi ne kuskuren suna da ranar haihuwa a takardu.

Mu dubi yadda suna yake tafiya. Ran kwana bakwai da haihuwa an taru da sassafe, liman ya yi addu'a, an raba goro, an yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Babu wani suna a duniya da ya fi wannan yawan shaidu. Amma daga wannan rana sunan yakan shiga ɗaki ya ɓuya. Idan ɗan fari ne, uwa ba ta faɗarsa saboda kunya. Idan sunan kaka aka mayar, duk gidan ba mai kama shi. Sai a ce Abba, ko Baffa, ko Ummi, ko Hajiya, ko Walida. Wani kuma ranar da ya zo duniya ce take bin sa, ya zama Ɗanladi ko Bala ko Ɗanjuma. Shekara shida bayan haka, wani yayansa ɗan shekara goma sha biyu ya riƙo hannunsa zuwa firamare. Malam ya buɗe rajista ya ce yaya sunansa, yaron ya faɗi sunan da ya sani, wato na gida. Malam ya ce sunan uba fa, yaron ya ji nauyin kama sunan mahaifinsa, ko kuma ya faɗi sunan da aka san gidan da shi, wanda na kakansu ne. An rubuta. Daga wannan rajista sunan zai hau takardar gama firamare, daga nan ya hau ta ƙaramar sakandare, daga nan ya hau ta WAEC ko NECO. Kowane mataki yana kwafar na bayansa, kamar mai karatun nan na ƙasar Wei.

A kan wannan sai a ƙara matsalar rubutu. Muhammadu ɗaya ne a bakin liman, amma a takarda ya kasu: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Mohd. Shu'aibu ya zama Shuaibu a nan, Shaibu a can. Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u da Isma'ila suna rasa 'yar waƙafin samansu a duk fom ɗin da kwamfutarsa ba ta karɓar alamar. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun ƙarshen shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya da farkon fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, har yau ba su sami kujera a takardun hukuma ba. Marigayi Jarman Kano, Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ya ɗora sunan Kabo a jikin jiragen sama ya kai shi ƙasashen duniya, amma nasa sunan Dankabo ake rubuta shi. Ƙaraye ta zama Karaye, Ɗambatta ta zama Dambatta. Mun saba har mun daina gani, alhali mun san kura daban ƙura daban, kasa daban ƙasa daban.

Babbar matsalar ma tana cikin fom ɗin kansa. An tsara shi ne domin mutanen da suke da sunan dangi guda, wanda ake gada daga kaka zuwa jika. Bahaushe ba haka yake ba. Sunansa ne, sai na mahaifinsa, wani lokaci sai na garinsu. Al'adar liƙa sunan gari ta yi ƙarfi ne a makarantun kwana na zamanin Turawa, inda ake bambanta wannan Abubakar da wancan, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita, kuma shi ya sa yau muke da ɗaruruwan mutane masu amsa Gwarzo da Getso da Kutama da Garo da Kabo waɗanda ba su haɗa jini ba. To, idan irin wannan mutum ya zo gaban akwati uku, na sunan dangi da na sunan farko da na tsakiya, me zai sa a ina? Wannan magatakarda ya sa sunan gari a akwatin dangi, wancan ya sa sunan uba, na uku ya juya su. Mutum ɗaya, takarda uku, suna uku. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sukan tashi kowa da nasa "sunan dangin".

A da wannan bai cika cutarwa ba, domin takarda tana hannun mutum ne, mutum kuma yana da ido da hankali. Akawun da ya ga Mohammed a nan da Muhammad a can ya san abu ɗaya ne. Abin ya sauya cikin shekaru goma da 'yan kai. An shigo da lambar BVN ta banki a 2014. A Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar ga duk mai neman shiga jami'a. Manufar mai kyau ce, kuma ba ina kukan a koma baya ba ne. Sai dai kwamfuta ba ta san kunya ba, ba ta san ɗan fari ba, ba ta san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ne ba. Harafi take gwadawa da harafi. Abin da Dai Zhen ya ga yana ɗaukar ƙarnuka kafin ya kafu, yanzu yana kafuwa cikin daƙiƙar da aka danna maɓalli.

Shekarun baya wata yarinya daga wani ƙauye a ƙasar Kabo ta zo wurina tare da mahaifinta, ta hanyar wani tsohon ɗalibina. Ta ci jarrabawa da maki mai kyau, amma takardunta sun ƙi haɗuwa. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, don haka a gida da sunan sakayawa ake kiranta, kuma shi ne ya shiga rajistar firamare ya bi ta har ƙarshen sakandare. Ranar da aka je yin katin ɗan ƙasa kuwa mahaifin ne da kansa ya kai ta, ya faɗi sunan yanka, ya faɗi nasa sunan daidai. Wato takarda ɗaya ce tak a cikin jakarta take faɗin gaskiya, sauran huɗu suna faɗin kuskure. Ma'aikacin da suka samu a wani ofishi ya ba su shawarar da kowane mai hankali zai bayar: gyara ɗaya ya fi gyara huɗu sauƙi da arha. Haka aka yi. Ta je kotu ta yi rantsuwa, aka buga a jarida cewa ita da aka sani da suna kaza, wato sunanta na gaskiya, daga yau tana so a san ta da suna kaza, wato kuskuren. Kafin a gama zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni, kuɗin mota ya cinye abin da aka sayar na gyaɗa, kuma lokacin ɗaukar ɗalibai na wannan shekara ya wuce. Da na yi wa dattijon bayanin abin da takardar rantsuwar ta ƙunsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, ragon da na yanka fa?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba. A wannan ofishi, da duk irinsa, ƙidaya ake yi, kuma huɗu ta fi ɗaya. Ba a tambayar wace takarda ce ta fi kusa da ranar suna. Ga ji fei cheng shi a zahiri, da hatimin kotu a kansa.

Batun ranar haihuwa ya fi wannan ban dariya da ban tausayi. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna yadda ake auna yaro ranar shiga aji ɗaya: a ce ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓo, ya kai shida. Daga nan malam ya ɗebe shida daga shekarar da ake ciki, ranar kuma ya sa 1 ga Janairu, domin ita ce ta fi kusa da alƙalami. Duk malamin jami'a da ya taɓa duba takardun sababbin ɗalibai ya san yadda wannan rana take da albarkar haihuwa a Arewa. Abin da yake ba ni sha'awa shi ne, sau da yawa sunan mutum ne da kansa yake ƙaryata takardarsa. Za ka ga Jummai wadda aka rubuta an haife ta 1 ga Janairun 2002, alhali ranar Talata ce. Za ka ga Marka, wadda sunanta yake shaida cewa a tsakiyar damina ta zo, an ajiye ta a tsakiyar hunturu. Ɗan'azumi da Sallau su ma suna ɗauke da kalandarsu a jikinsu. Iyayenmu da ake cewa ba su ajiye tarihi, ashe sun ajiye shi a inda ba ya ɓata, mu ne masu biro muka rubuta wani abu daban.

Wannan ƙiyasi na malamin firamare shi zai yanke wa mutum hukunci har tsufansa. Shi zai ce ko ya haura shekara 30 ranar da ya gama jami'a, wanda shi ne iyakar zuwa hidimar ƙasa. Shi zai ce yaushe ya cika 60 ya bar aikin gwamnati. Idan takardar ɗaukarsa aiki ta saɓa da ta banki, shi zai tsayar masa da fansho yana zarya da sanda a hannu. Idan ya rasu, magadansa ne za su gaji rikicin, su yi ta neman hujjar cewa mamacin da ke cikin takardar gado shi ne mai asusun.

A nan dole in faɗi abin da ba a so. Ba duk saɓanin shekaru ne kuskure ba. Akwai masu zuwa da idonsu biyu su zabge shekara uku ko biyar domin aikin ɗamara, ko hidimar ƙasa, ko tsawaita zama a kujera, kuma da yawansu masu ilimi ne da suka san hanyar kotu. Wannan ƙarya ce, sunanta ke nan, ko da ta zama ruwan dare har ana ba juna shawararta a fili. Illarta kuma ba a kansu take ƙarewa ba. Saboda su ne hukumomi suka tsaurara gyaran ranar haihuwa, suka sa masa kuɗi da sharuɗɗa, suka ɗauki duk mai neman gyara a matsayin abin zargi. Mai gaskiyar da malamin firamare ya yi wa ƙiyasi shi yake biyan bashin mai wayo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen wannan icce shi ne makon haihuwa. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta wajabta a yi wa jariri rajista cikin kwana 60, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take ba da takardar. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a Nijeriya, wani binciken na 2021 kuma ya kai adadin kashi 57. Ko da wanne aka ɗauka, miliyoyin yara ne suke jiran ƙiyasin wani malami. Jami'in rajista yana zaune a asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma yana jiran a zo, alhali mace da yawa a karkara a ɗakinta take haihuwa. Taron da ya tara liman da mai unguwa da wanzami da ungozoma a zaure ɗaya, ran kwana bakwai, shi ne wurin da ya kamata alƙalami ya fara sauka. Ban ga abin da zai hana hakiman Gwarzo da Kabo su sa kowane mai unguwa ya ajiye littafi guda, a rubuta sunan yanka da sunan uba da rana, da boko da ajami, jami'in hukuma ya riƙa zagayowa yana ɗauka ba. Littafin da bai fi kuɗin kwanon masara ba.

Mu ma na jami'a akwai namu. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da ƙwararrun da za su iya tsara ɗan littafi na daidaitaccen rubutun sunayen mutane da na garuruwa, a raba wa hedimastoci da masu cike fom a shagunan kwamfuta, domin a yau su ne magatakardan al'umma. Ba ina nufin a tilasta wa wanda ya riga ya zama Mohammed ya sake ba. Wannan zai zama sabuwar wahala a kan tsohuwa. Na masu tasowa nake nufi. Haruffa masu lanƙwasa kuma sun daɗe da samun gurbi a tsarin rubutun kwamfuta na duniya, tun farkon shekarun 1990, kuma suna cikin wayar da ke aljihun kowa. Rashinsu a rumbun bayanan hukuma zaɓi ne da wani ya yi, kuma 'yan majalisarmu suna da bakin da za su nemi a sake shi. Wanda yake wakiltar Gwarzo da Kabo ma yana iya farawa da wasiƙa guda a kan harafin nan da aka liƙa wa rabin mazaɓarsa.

Yaran da suka riga suka shiga makaranta kuwa, akwai ƙofa ɗaya da ta rage musu kafin kuskuren ya bushe, ita ce kafin a tura sunayensu jarrabawar gama ƙaramar sakandare. A wannan lokaci gyara bai wuce jan layi da biro ba. Abin da nake roƙon shugabannin makarantu shi ne su ware rana guda a kira iyaye, kuma kada a miƙa musu takarda a ce su duba, domin dattijon da ya sauke Alƙur'ani yana karanta ajami kamar ruwa ba lallai ne ya bambance Shuaibu da Shaibu a boko ba. A karanta masa da baki, a tambaye shi: wannan ne sunan da aka raɗa? Wannan sunanka ne ko na mahaifinka? Da wane wata aka haife ta, kafin Sallah ko bayanta, da shuka ko da girbi? In uban ya manta, uwar ba ta manta ba, sai a aika a tambayo ta. Aikin bai wuce na yini ɗaya ba a kowace makaranta. Abin da yake bukata shi ne shugaban makaranta, da rajista, da ɗan aiken da zai gaya wa iyaye su zo ranar da ba ta kasuwa ba.